Lambar da ke Ƙasan Takardar Goggo

Tun da na dawo daga Ghana ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a ƙofar ofis, wancan ya biyo ni har wurin mai shayi, kowa da tambayarsa: ya Tamale, da gaske ne mata ke tuƙa babur, me suke ci, ina tsaraba. Na ba ku labarin babur, na ba ku na tuwo, har na gaji da jin muryata. To, ba yawon buɗe ido na je ba, kuma abin da ya kai ni ban faɗa wa ko ɗaya daga cikinku ba. Yau zan faɗa. Wanda zai zage ni ya zaga, ni dai kunya ta riga ta gama da ni.

Saboda waɗanda ba su san aikina ba, a ɗakin kati nake, a wani asibiti a nan Zariya. Idan likita ya gama da marar lafiya, fayil ɗinsa teburina yake zuwa, in karanta cutar da aka rubuta, in nemo lambarta a littafi, in sa. Kowace cuta da tata lambar, harafi ɗaya da 'yan alƙaluma, kuma iri ɗaya ce ko a wace ƙasa. Shekara goma sha shida ke nan ina wannan aiki. Ko kaza ban taɓa yi wa allura ba.

Amma a Tamale Dokta Rabi ake ce min. Goggo Adama ce sila, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata har na kai shekara goma sha ɗaya, kafin aure ya kai ta Ghana. Lokacin da na sami aiki na aika mata da hotona sanye da farar riga a ƙofar asibiti. Ta zaga da shi gida-gida a unguwarsu tana cewa ɗiyarta ta zama likita. Da labari ya zo min dariya na yi, na ce zan gyara mata. Ban gyara ba. Gaskiya daɗi nake ji. In an bugo waya ana tambayata maganin tari ko na ciwon gwiwa, sai in gyara murya in ba da amsa da abin da na tsinta a fayil ɗin mutane.

Wata biyar kafin tafiyata, ɗanta Fusaini, mai walda, ya turo min hotunan takarda guda uku a waya, ya biyo da saƙon murya. Hausarsu ta can ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "shi" ne. Ya ce, "Yaya Dokta, ka duba mana. Kunnen Mma ne. Sun ce mu kai shi Kumasi a yi aiki, shi kuma yana tsoro." Ranar fayil sun taru min har sun kusa rufe ni. Na buɗe hoton farko, na ga layin sama: ruwa na fita daga kunne, shekara biyu, ji ya ragu. Irin wannan kullum sai na sa masa lamba, kuma haka na saba, layin farko nake gani hannuna ya rubuta. Ko hoto na biyu ban taɓa ba. Na danna waya na ce, "Miki ne na cikin kunne, kullum muna ganinsa. Kada ku yarda a yanka ta a banza. A ci gaba da ɗigo, a hana ruwa shiga." Har da ƙarawa wai likitocin yanzu sun cika son wuƙa. Ni ɗin nan na faɗi haka.

Sai ga kiran Fusaini ranar wata Talata, wai bakin Goggo ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, kuma ni take kira. Na ce a raina hawan jini ne ya taɓa ta. Na ɗauki hutu, na sayi ɗigon kunne kwalba goma sha biyu, na haɗa da kilishi da turaren wuta, na kama hanya.

Jirgi ya fi ƙarfina, ta Legas kuma an ce min zagaye ne, sai na bi hanyar 'yan kasuwa: a je Ilori, a ratsa Benin da Togo, a faɗa Ghana ta gabas. A motar Ilori Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, 'yar Kano mai kai atamfa da turare garin Yandi na Ghana. Mace ce mai jiki da murya, ba direban da ba ta san sunansa da na ubangidansa ba. Kafin mu bar Kaduna ta ji inda za ni, kafin mu kai Bida ta tambayi aikina. Na ce a asibiti nake. Iyakar abin da na ce ke nan, wallahi, amma na faɗe shi da irin muryar da na san abin da za ta haifar. Hajiya ta juya ta sanar wa duk motar cewa akwai likita a ciki. Nan take aka ba ni gefen taga. A Mokwa wani ya sayo min soyayyiyar doya, wani dattijo kuma ya naɗe wando ya nuna min ƙafarsa da ta kumbura. Na latsa ta da yatsa yadda nake ganin ana yi, na ce ya rage gishiri. Ya yi ta sa min albarka har muka haye gadar Jebba.

A kan iyakar Benin na fara shan kunya. Jami'in da ke duba kaya ya zuge jakata, kwalaben ɗigo suka zubo suna gangarawa ƙarƙashin tebur. Ya tambaya ko na sayarwa ne. Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Haba ɗana, likita ce fa, marar lafiya za ta dubo." Ya ce in ba shi katin aiki. Na ba shi. A jikin katin an rubuta sashena ɓaro-ɓaro. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sake duba katin, sannan ya miƙo min ya ce, "Allah ya ba marar lafiya sauƙi." Na durƙusa ina tsince kwalabe gumi na keto min, Hajiya kuwa tana tsaye a kaina tana cewa, "Kin gani ko? Ko su sun san girman likita."

Benin Faransanci ake yi, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. A Paraku na je sayen ruwa, na yi Turanci, na yi Hausa, na kwatanta kwalba da hannu, matar ta miƙo min kwalba cike da soyayyiyar gyaɗa, don a can a kwalba ake sayar da ita. Na karɓa don kada in ƙara jawo ido. Burodinsu dogo ne kamar muciya, in ya kwana sai an jiƙa shi a shayi. Motocinsu kuwa, ƙaramar mota mutum huɗu a gaba, direba yana raba kujerarsa da fasinja, in zai sa giya sai ya miƙa hannu ta kan cinyar mutum. Ni da nake zagin direbobin Zariya kullum, sai na ji na yafe musu.

A Kara, cikin Togo, muka yada zango. Hajiya ta kai ni gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, a unguwar Hausawa, inda ta ce tun kakanta a nan suke sauka. Ba wanda ya tambayi sunana ko ya ce in nuna kati. Matar gidan ta kawo ruwan wanka a bokiti, ta kawo tuwo da soyayyen cuku, ta nuna mana ɗaki mai tabarmi inda wasu mata biyar suka riga mu. A garinmu baƙon da ba a san asalinsa ba sai ya sha tambaya kafin ya ga tabarma. A can da alama kayan da ke kanki sun isa shaida.

Da safe muna zaune a tsakar gida muna jiran a ce mota ta cika, ina kurɓar kokonsu mai citta da barkono, Hajiya ta tambaye ni wane kunne ne ma ke damun goggon tawa. Dama ne ko hagu? Na ciro waya na koma baya, na nemo hotunan nan. Na ga dama ne. Da yake ba abin da nake yi, sai yatsana ya ja zuwa hoto na biyu. Jini yana biyo ruwan. Ciwo mai hana barci. An ga tsiro a bayan dodon kunne, an gutsiri kaɗan an kai gwaji. Na ja na uku. Sakamakon gwajin ne, haɗe da takardar turawa Kumasi, an ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar gaggawa. A can ƙasa, cikin ɗan akwatin da irina ke cikawa, wani mai kyan rubutu ya sa C30.1.

Ba sai na buɗe littafi ba. Duk wanda ya yi sati ɗaya a ɗakin kati ya san lambar da ta fara da C ta ciwon daji ce. Duk da haka na duba a waya, ko Allah zai sa ni ce na ruɗe. Ciwon daji na tsakiyar kunne. Cuta ce da ba a cika gani ba, ni kaina ban taɓa sa wa kowa ita ba. Amma duk abin da ke cikin takardun nan uku, wannan ɗan akwatin ne kaɗai aikina na gaskiya, kuma shi ne ban duba ba. Na ajiye kokon.

Hajiya ta ce, "Dokta, lafiya? Na ga kin canza."

Na ce barkono ne.

Daga Kara zuwa Tamale ba zan iya ba ku labari mai kyau ba, don jikina ne kawai a motar. Na san an duba katin rigakafina a iyakar Ghana an buga min hatimi, na san taya ta yi faci muka tsaya a gindin wata bishiyar kaɗanya, na san jar ƙasa ta rine min mayafi. A Yandi Hajiya ta sauka. Ta cusa min kwalbar turare a jaka, ta karɓi lambar wayata, ta ce yanzu duk gidansu sun yi likita. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sai na ji na ce Allah ya ba da kasuwa.

A tashar Tamale matar Fusaini ce ta zo ɗaukata, Sanatu, da hijabi har ƙasa, da goyo, a kan babur. Na tsaya ina waige-waigen wanda zai tuƙa. Ta yi dariya ta ce, "Dokta, hau mana." Na zauna a kaikaice irin na kunya, ta ce in gyara in zauna sosai, in ba haka ba za ta zubar da ni a kwana. Haka muka shiga gari ina riƙe da ƙugunta kamar zan karya ta. Da gaske ne abin da kuka ji: mata ko'ina a kan babur, har na ga tsohuwa mai furfura da buhun masara a baya, kuma ba mai kallonsu. Ni kaɗai ce mai kallo.

Aboabo ake kiran unguwarsu, lunguna ne a matse, nan teloli, nan masu walda, nan ƙarar karatun Islamiyya. Gidan babba ne na haya, kuma duk an fito ana jirana. Dagombawa, mutanen garin, in za su gaishe da babba sai sun durƙusa, shi kuma yana amsawa da "naa, naa." Tsofaffin da suka isa su haife ni suka zube a gabana. Ina ɗaga wannan, waccan na durƙusawa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sannan aka shigar da ni wurin Goggo. Ta rame ƙwarai. Gefen fuskarta na dama ya zube, idon a buɗe yana zubar da ruwa, audugar da ke kunnen ta jiƙe da jini-jini. An cika ɗakin da turare don kada in ji wari, na kuwa ji.

"Rabi'atu," ta ce, maganar na fita ta gefen baki. Ita kaɗai ke kirana da cikakken suna. "Kin zo. Ai na ce musu ɗiyata za ta zo." Ta nuna min bakin taga da hannu. Kwalaben ɗigon da suka ƙare ne a jere, an wanke su tsaf. "Ban tsallake ko rana ɗaya ba, yadda kika ce."

Na ce, "Sannu, Goggo." Abin da na iya ke nan.

An yanka min zabo. An kawo tuwon zafi, tuwonsu mai laushi da ba ya buƙatar tauna, da miyar ayoyo, wato lalonmu. Goggo ta sa aka ajiye a gabanta don ta ga ina ci, na dinga turawa kamar magani. A ƙofar ɗaki maƙwabta sun fara taruwa da katunan asibitinsu a hannu. Na ce wa Sanatu ta ba su haƙuri, gajiyar hanya ta kama ni.

Washegari da safe na bi Fusaini shagonsa na walda. Na nuna masa hoto na uku na ce, "Likitan da ya ba ka wannan takarda, me ya ce maka?"

Ya kashe inji, ya cire baƙin gilashi. Sannan ya amsa, "Ya ce ciwon daji ne, kansa."

"Ka sani ashe?"

"Ni kaɗai ya gaya wa. Ya ce mu yi sauri. Lokacin da na yi maka saƙo Mma yana zaune kusa da ni, ban iya faɗin sunan ba. Na ce tunda kai likita ne za ka gani da kanka. Da ka ce ba komai, Yaya, har sadaka na yi. Na ce namu ya fi su sani."

Na ce, "Shafi ɗaya na karanta, Fusaini."

Ya dube ni kamar bai ji Hausar ba. Sannan ya tura babur waje ya ce in hau mu je asibiti.

Sai da muka fara zuwa ɗakin kati a ciro fayil. Ina sa ƙafa na ji warin da na sani, na tsohuwar takarda da ƙura, ga kantoci har sama kamar namu. Mai wurin wani dattijo ne siriri mai tabarau, Malam Ziblim. Da Fusaini ya faɗi sunan Goggo bai ko duba kwamfuta ba, ya tashi ya ɗauko. Na lura ta baya ya buɗe fayil ɗin, shafin ƙarshe ya fara karantawa. Baki ya suɓuce min na ce, "Ta baya kuke farawa a nan?"

Ya ce, "To ta ina? A gaba abin da marar lafiya ya ce ne. A baya abin da aka samu. Mu abin da aka samu muke sa wa lamba."

Ya jawo wani ɗan littafi daga aljihun tebur. Ashe duk wanda ya sa wa lambar C sai ya rubuta sunansa da wayar danginsa, in an ga bai dawo ba ya kira. Ba wanda ya sa shi. Ya nuna wa Fusaini sunan Goggo, da alama biyu a gefe. Ya ce, "Sau biyu na kira ka. Ka ce likitanku na Najeriya ya duba, ya ce ba komai."

Fusaini ya ce, "Ga shi nan. Shi ne likitan."

Malam Ziblim ya miƙe tsaye. Ya goge kujerarsa da hannu ya tura min, ya ce, "Dokta, sannu da zuwa. Na daɗe ina so in tambaye ka. Ni ne na sa lambar nan, kuma tun ranar raina bai kwanta ba, ina cewa ko ni na yi kuskure na tsorata mutane. Me ka gani wanda ba mu gani ba?"

Ba gatse yake yi ba. Da gatse ne da na fi jin sauƙi. Dattijon nan wata biyar yana zargin kansa saboda ni. Na ce, "Malam, lambarka daidai take. Ni ba likita ba ce. Aikinka nake yi."

Ban iya duban Fusaini ba. Malam Ziblim ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce a hankali, "To, zauna dai." Ban zauna ba. Shi da kansa ya ɗauki fayil ya raka mu wurin likitan kunne. Likitan ya ce karkacewar bakin ba hawan jini ba ne, ciwon ne ya kai ga jijiyar fuska. Ya sabunta takarda, ya ce a cikin satin nan Kumasi ta gan mu.

A bakin ƙofar asibiti Fusaini ya tsaya da makullin babur a hannu. Tun a ɗakin kati bai yi min magana ba. Ya ce, "Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka gaya wa Mma. Maganar likitocin nan ba ya ji, taka yake ji. Ka shiga ka ce masa kai likita ka sake dubawa, yanzu lokacin Kumasi ya yi. In ya san kai ba likita ba ne, maganar wa zai ji?"

Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta yi min daɗi. Goggo za ta tafi, ni kuma asirina a rufe. Na ce to.

Bayan la'asar na shiga na zauna a bakin katifarta. Na gyara murya yadda na saba, na ce, "Goggo, na sake duba takardunki." Ta kamo hannuna ta ce, "In kin ce in je, zan je. In kin ce a yanka, a yanka. Ni ke na sani." Hannun nan ne ya yi min wanka ina yarinya. Na ajiye muryar likitan nan tawa.

Na ce, "Goggo, ni ba likita ba ce. Ban taɓa zama ba. Kati nake ajiyewa, ina sa wa cuta lamba."

Ta kalle ni da idon da ba ya rufuwa. "Farar rigar fa?"

"Ta wata ce, na ara don hoto."

Ta saki hannuna. Can ta ce, "To lambar da kika ce kina sawa, tawa kin san ta?"

"Na sani."

"Faɗa min. Kowa na ɓoye min kamar ƙaramar yarinya."

Na faɗa mata. Na ce ciwon daji ne, a tsakiyar kunne. Na ce yana rubuce a takardar tun ranar da aka turo min, ni ce na karanta shafi ɗaya na yanke hukunci. Ina faɗa ina kuka, ita ko ɗigon hawaye babu, sai ruwan da idon ke zubarwa da ma. Ta ce, "Tun kafin azumi ke nan." Na ce e. Ta juya fuska bango ta ce in kira mata Fusaini. Da ya shigo cewa kawai ta yi, "A nemi mota." Ranar da washegari ba ta ƙara ce min uffan ba. Da zagina ta yi da na gode mata.

Kumasi tafiyar yini ce a doguwar mota. Na zauna a bayansu ina kallon ƙeyar Goggo da ɗaurin da Sanatu ta yi mata a kunne. Gari ne mai cunkoso da ruwan sama, ban ga komai a cikinsa ba sai barandar asibiti. Aka yi mata hoton kai, muka jira kwana biyu a gidan wani abokin Fusaini a zango, unguwar Hausawa. Rana ta uku aka kira mu.

Likitar mace ce, ba ta jin Hausa, wata nas ce ke fassarawa. Ta nuna mana hoton, ta ce ciwon ya ci ƙashi ya wuce inda wuƙa za ta iya kwashe shi duka. Abin da ya rage shi ne gashi da na'ura, a rage masa ƙarfi, a sauƙaƙa mata raɗaɗi. Sannan ta ɗauki tsohuwar takardar turawa, ta dubi kwanan watan da ke kai. Ba da faɗa ta yi tambayar ba, biro ne a hannunta, dole ta rubuta dalili a fayil. Nas ta ce, "Wai wata biyar ke nan da aka turo ku. A ina kuka tsaya?"

Fusaini ya sunkuyar da kai. Na ja numfashi zan yi magana, sai na ji hannun Goggo a gwiwata, ta matse da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ce wa nas, "Ki ce mata ni ce. Tsoron wuƙa nake. Yaran nan sun yi ta fama da ni, na ƙi."

Likita ta kaɗa kai ta rubuta. Ni kuwa in akwai abin da na iya a duniya, karanta rubutun likita ne, ko a juye yake. Ina kallo daga inda nake zaune ta rubuta cewa marar lafiya ce ta ƙi zuwa. Wannan ma yana da lambarsa a littafinmu, na san ta. Wani irina a can Kumasi zai karanta ya sa mata, ta zauna a fayil ɗin Goggo har abada. Ina da baki, ina jin Turancin da zan gyara maganar da shi, amma na yi shiru har aka rufe fayil.

Hutuna ya ƙare na dawo, na baro su can an fara gashin. Fusaini yana ɗaga wayata, ya ce da sauƙi, ya ajiye. Goggo kuwa in an kara mata wayar a kunnen hagu, tambayata take ko na ci abinci.

To, kun ji Tamale. Abin da ban faɗa a gaban likitar ba shi ne nake faɗa muku yau, don ya zama akwai inda aka rubuta shi daidai. Goggo Adama ba ta ƙi magani ba. Ni ce na hana ta.